Kwalbar da Babu Giya a Cikinta

Ka ce abokinka ya cika shekara rabonsa da giya, kana so ka kai masa kyauta ta kece raini. Madalla. Amma zauna tukuna ka ji abin da ya sami wani kafinta da ƙanensa, sannan ka shiga kasuwa.

Kafintan nan ya yi shekara goma sha takwas yana sha. Gwani ne, ƙofar da ya haɗa sai ta tsufa ba ta saki ba, amma giya ta cinye masa jari, ta zubar masa da mutunci, ta soma cin hantarsa. Ranar da likita ya ce masa in ya ƙara kurɓa to ya yi sallama da iyalinsa, ya koma gida ya zauna a gindin rijiya ya yi kuka, daga nan ya bari. Barin bai zo da sauƙi ba. Tsakanin gidansa da shagonsa akwai gajeriyar hanya da ta ratsa ta ƙofar mashaya. Ya daina binta, kullum sai ya zagaya ta bayan maƙera, ko ana rana ko ana ruwa. Ya hana a ajiye masa kwalba a ɗaki, ko da ta man gyaɗa ce, sai dai matarsa ta juye a kwano. Haka ya yi shekara biyu. Kumatunsa suka ciko, masu ba da aiki suka dawo, 'yarsa ta daina sunkuyar da kai idan an ambaci sunan ubanta.

Ƙanensa mai sayar da yadi ne a birni, Allah ya buɗa masa. Yana ƙaunar yayan nasa ƙauna ta gaskiya, shi ne ma ya ɗauke shi ya kai shi asibiti tun farko. Ya ce shekara biyun nan ba za ta wuce salin alin ba. Ya shiga wani babban kanti ya ce a nuna masa abin da ya fi kowane daraja. Aka fito masa da zuma farar saƙa, da dabino mai laushi, da darduma mai kauri, da butar shayi da kofunanta. Duk ya ga ba su kai ba, ya ce wannan ai kowa ma zai iya kaiwa. Sai idonsa ya sauka kan wata doguwar koriyar kwalba, an naɗe wuyanta da takarda mai ruwan zinariya, tana kwance cikin akwatin katako tare da kofunan gilashi biyu masu dogon wuya. Ruwan inabi ne mai kumfa, an rubuta a jikinta cewa babu barasa ko ɗigo. Ya ce a ransa, bawan Allahn nan ya hana kansa komai, bari yau ya sha irin na manya ba tare da ya saɓa wa Allah ko likita ba.

Da ya iso, matar yayan ta tare shi a soro. Ta leƙa akwatin, fuskarta ta canza. Ta ce, "Alhaji, don girman Allah mayar da wannan mota." Ya yi dariya ya nuna mata rubutun, ya ce, "Haba matar Yaya, ko jariri ai zai sha." Ta ce, "Ni ban iya karanta kwalba ba, amma na san mijina." Ya raɓe ta ya shige.

Bayan la'asar 'yan'uwa suka taru a kan tabarma. Ƙanen ya murɗa murfin kwalbar, murfin ya yi tsalle da ƙara, kumfa ya zubo, wani ƙamshi mai tsami-tsami ya tashi. Kafinta ya dubi kwalbar, ya dubi ƙanensa da ke ta fara'a, ya ji nauyin mayar da hannun kyauta baya a gaban jama'a. Ya karɓa, ya sha. Gaskiya ne, babu giya a ciki. Amma sanyin gilashin a tafin hannunsa da tsamin da ya kama masa harshe sun tada abin da ya shekara biyu yana lallaɓawa ya kwanta. Kwana huɗu ya yi yana zufa, zarto na kauce masa daga layi. Rana ta biyar ya bi ta ƙofar mashaya.

Damina ba ta ƙare ba aka kwantar da shi, ciki ya kumbura, idanu sun yi ɗorawa. Ƙanen ya zo ya durƙusa a gefen gado yana neman gafara. Kafinta ya dafa kansa ya ce, "Tashi. Ba giya ka ba ni ba. Ni ne na kasa ce maka a'a." Bayan kwana uku ya cika. Ƙanen ya ɗauki nauyin marayun har yau, amma idan ya je gaishe da uwarsu ba ya iya ɗaga ido ya dube ta, alhali ko sau ɗaya ba ta taɓa tada masa maganar ba.

Ban ce kowa haka yake ba, wani zai sha irinta ya tashi lafiya lau. Amma kai ba ka san wanne ne abokinka ba. Kafin tsadar abu ta ɗauke maka hankali, je ka tambaye shi abin da yake gudu, ko ka tambayi wadda suke kwana su tashi tare, kuma in an faɗa maka ka ji. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.