Ƙarfe Huɗun Asabar

Saura kwana uku bikinsa da Khairiyya, Badaru ya zo Kusada. Khairiyya ta fito soro idanunta jawur, don tun safe take fama da tela da 'yan jere. Ya kasa dubanta, sai juya makullin babur yake yi.

"Mi ya faru?" ta tambaye shi.

"Wasan ƙarshe na kofi ne aka mayar Asabar, ƙarfe huɗu."

Lokacin ne aka sa za a ɗauke ta zuwa Kankia. Shi ne mai tsaron gidan ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta garinsu, abokan ango kuma duk 'yan wasa ne.

"Na ce da koci ya nemi wani," in ji shi. "Ke kin fi mani kofi."

Ta matso kusa da shi.

"Shekara nawa kana jiran wannan wasa?"

"Bakwai."

"To ban yarda ba. Ba ni shiga gidanka kana dubana kana tuna abin da ka rasa."

"Danginki fa? Cewa za su yi na raina su."

"Ni zan durƙusa gaban Baba yanzu, in roƙi a kai ni bayan magariba. In faɗa ne, in sha."

Sai lokacin ya ɗago, idanunsa sun ciko.

Ta gyara mayafi ta nufi cikin gida, sannan ta waigo.

"Amma Badaru, in ka bari aka ci ka, sai ka yi lallashin mako guda kafin ka ji muryata."