Lambar da Baba Ya Zana a Ƙasa

Bayan la'asar ne a garinmu Lahodu, muna gindin rumfar da ake ajiye albasa, warinta ya cika mana hanci. Ni da ƙanena mun kaure da dambe kan rabon goruba. Baba ya raba mu, ya tsuguna, ya ɗauki guntun kara ya zana lamba a ƙasa: dubu biyu da ɗari biyar da ashirin.

"Raba ta ga mutum biyu," ya ce da ni.

Na raba. Ya ce uku, ta rabu. Haka muka yi ta hawa har goma, ko sau ɗaya ba ta bar saura ba.

"Mi ka gani?"

"Babu saura, Baba."

"To. Saura shi ka kawo hwaɗa."

Ya shafe ta da tafin hannu.

Tun rasuwarsa muke zarya kan gonarsa ta fadama, yau gidan mai gari, gobe gaban alƙali, har na daina gaisawa da ƙanen nan nawa. Jiya na tuna lambar, na raba ta bisa yawanmu. Mu goma sha ɗaya Baba ya bari. Ɗaya ya yi saura.