Lemun Tsami Mai Ƙafa Huɗu

Ranar da Kezia ta fara ganin Apollos, tsinken sakace yake soka wa lemun tsami a ƙofar gidansu da ke Shagari Low Cost. Shi ɗalibin ajin ƙarshe ne, ita kuwa darasin kemistiri ya sa ta a gaba. Ta ja kujera ta zauna tana fuskantarsa, nan ya zama mazauninta kullum.

"Wasu sinadarai kamar hannuwanki suke," in ji shi. "Komai nasu ɗaya, amma na dama ba ya zama na hagu." Ya ɗaga lemun da ƙafafunsa huɗu, ya zana da'ira a iska da yatsa. "In daga babba zuwa ƙarami ya juyo haka, sunansa R. In haka, S."

Ta haddace juyin yatsan nan. Ko a cikin keke, kan hanyar Yola, sai ta tsinci kanta tana yin sa.

Gwajin farko ba ta ci ko ɗaya ba. Na biyu ma haka. Malamin ajinsu ya ce ko mai canke ba ya faɗuwa duka. Babanta ya aiko daga Numan: in ta sake faɗuwa, ta tattaro kayanta ta dawo gida.

"Yaron nan bai iya komai ba, baki ne kawai," in ji yayarta Rebeka. "Ko karatun, ko shi."

Kezia ta kasa zama, ta kasa cin abinci. Ta buɗe littafi ta rufe. Ranar Asabar ta yanke shawara: za ta je ta ce masa ba za ta ƙara zuwa ba.

Don kada ya hango ta zuciyarta ta karye, sai ta biyo ta lungu, ta ɓullo ta bayansa. Yana koya wa abokinsa Absalom, wanda ke zaune kusa da shi a benci. Ta saman kafaɗarsa ta ga yatsan ya tashi. "Wannan R ne," ya ce.

Ta daskare. Daga nan bayansa, juyin yatsan ya saɓa wa wanda ta haddace.

Ya waiwayo. "Kezia! Ga kujerarki can."

"Matsa mini," ta ce. "Na yi alkawari, daga yau a gefenka zan zauna har in ci jarrabawar nan. Duk zangon nan fuskarka nake kallo, ashe damanka haguna ne."