Hutun Karatu

"Ai kin fasa rubuta jarrabawar bana," in ji manajan, ko kai bai ɗago ba. "Hutun karatun na ba abokin aikinki."

Wannan jarrabawar kaɗai ta rage mata ta zama cikakkiyar akanta, bayan shekarun da ta kwashe tana haɗa aiki da goyo da karatu.

"Wa ya ce na fasa, Yallaɓai?"

Sai a nan ya dube ta. "Maigidanki ya zo da kansa. Ya ce kin gaji, kunya ce ta hana ki faɗa. Har ya tambaye ni ko gaskiya ne duk wanda ya ci, Accra ake mayar da shi."

Ba ta san yadda ta sauko daga benen ba. A bakin titi ta tarar da maigidan nata bisa babur, ya zo kai ta ajin yamma a unguwar Gurugu kamar kullum. Ya miƙo mata jakar littattafanta yana murmushi.

"Yaya ake ciki, sun ba ki hutun? In sun hana ki, wallahi yanzu in shiga in same su."