Gabar Wa Aka Auna?

Rifkatu, kin ce umarnin da kika rubuta wa kwamfuta ya yi daidai a hannunki, amma da abokin aikinki ya kira shi daga nasa ɓangaren sai ya ba da wata amsa. Kin ce harsunan kwamfuta iri biyu ne: wani in ya ga suna, yakan nemi ma'anarsa a inda aka rubuta shi, wani kuwa sai ya tambayi wanda ya kira shi a lokacin. Ban san injinku ba, amma na san wannan cutar.

An yi wani mai haƙar rijiya, dogo har sai ya sunkuya zai shiga zaure. Ya haƙa wa wani ƙauye rijiya, bayan matansu sun shekara bakwai suna tafiyar rabin yini neman ruwa. Da ya cim ma ruwa, ya ware hannuwansa ya auna zurfin, ya aika wa mai tufkar igiya a wani gari takarda: gaba goma sha biyu. Shi kuwa mai tufka gajere ne, kuma ba ya ha'inci. Ya zaɓi rama mai kyau, ya tufka, ya ware nasa hannuwan sau goma sha biyu, ya sake ƙirgawa, ya yanke. Ranar buɗe rijiya mata suka jera tuluna, aka zura guga da guɗa. Igiya ta ƙare, guga yana lilo, ruwa yana ƙyalli a ƙasa yana kallonsa. Wata tsohuwa ta leƙa ta ce, "To, sun dai ga juna, saura gaisuwa."

Aka kira mai haƙa da mai tufka, kowa ya rantse goma sha biyu ce, kuma ba wanda ya yi ƙarya. Sai mai gari ya sa su tsaya baya da baya su ware hannuwa. Dariya ta kashe shari'ar. Mai haƙa ya yanko karan dawa daidai tsawon gabarsa, ya ɗaure takardar a jiki, ya miƙa wa gajeren. Bayan kwana uku guga ya fito yana zuba. An ce yanzu rijiyar ta rufta, kuma duk waɗanda suka yi dariyar nan sun kwanta dama, amma sun sha ruwan.

Auna da hannun mai karɓa ba laifi ba ne. In zane za a saƙa masa, kamunsa ake so. Rijiya kuwa ba ta san hannunsa ba. Saboda haka duk sunan da kika rubuta, ki san gidan da zai je neman ma'anarsa, in ya yiwu ki ɗaura masa karansa. Hausawa sun ce, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.