Rigar da ke ƙasan adaka

Kai da ke ta ce mini ku mutanen fadama kun saba da zazzaɓin cizon sauro, zauna ka ji misalin wani manomin shinkafa. Mutumin nan tun yana rarrafe sauro ke shan jininsa. Zazzaɓi ya kayar da shi ya fi a ƙirga, har ta kai in ya zo, suracen ganyen darbejiya kawai yake yi, ya karkaɗe jiki ya koma gona. Matarsa ma 'yar garin ce, ita ma haka ta tashi. Da ta sami cikin fari, kunya ta hana ta faɗa wa kowa, sai wata ma'aikaciyar lafiya mai zagayen ƙauyuka ta gane da ido. Ta ba su gidan sauro, ta ce a riƙa kai ta awo tana shan ƙwayoyin rigakafi. Manomi ya yi tsaki. Ya ce, "Hajiya, yarinyar nan a cikin sauro aka yanke mata cibiya. Jininta ya san shi." Ta ce, "Malam, jini ba ya sanin abin da bai taɓa gani ba." Ko juyowa bai yi ba. Gidan sauron ma gona ya kai shi, ya lulluɓe irin shinkafa don kada tsuntsaye su ci.

Da ya tsaya ya saurara, da ya ji yadda abin yake. Ƙwayar cutar nan ɓarauniya ce mai adaka. A cikin halittarta akwai tsarin ɗinkin riguna wajen sittin, amma ɗaya take sawa a lokaci guda idan ta shige cikin jini. Masu gadin jiki su yi ta fama har su gane rigar, suna cewa sun kama ta, sai ta tuɓe ta zura wata. Shi manomin, ba ƙarfinsa ba ne ya tsare shi. Shekara da shekaru na jinya ne suka sa masu gadinsa suka haddace riguna da yawa. To, akwai wata riga da take ninkewa can ƙasan adaka. Ba ta fito da ita don namiji, ba ta fito da ita don budurwa. Sai mace ta ɗauki ciki sannan ɓarauniyar take sa ta, ta je ta manne a mabiyiya, inda ɗan tayi ke samun abincinsa. Masu gadin mai cikin fari kuwa ba su taɓa ganin ko kalarta ba, balle su tare ta.

Haka matar ta yi ta dushewa. Ba wani zazzaɓi mai kayarwa, sai kasala, sai tafin hannu ya yi fari fat. Manomi yana gani, yana cewa laulayi ne, kowace mace tana yi. Shinkafa ta yi kyau a shekarar, babu tsuntsun da ya taɓa irin. Ranar da ake tsakiyar yanka aka aiko ya zo gida maza. Ya tarar ta haihu tun wata bai cika ba, ɗa namiji, bai fi ƙwaryar shan fura nauyi ba. Kafin la'asar an rufe shi. Uwar ma da ƙyar aka ƙwato ta da ƙarin jini. Mutane suka cika zaure suna ta cewa sai haƙuri, kwana ne ya ƙare. Shi kaɗai ya san inda gidan sauron yake, yana can yashe a kan kunyar gona, rana ta cinye shi.

Saboda haka kada ka sake kallon idona ka ce kun saba. Tashi ka kai matarka mai ciki awo. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, sabo turken wawa.