Tumakin da Umma ta tsinke wa kai

Ina 'yar shekara tara muna zaune a unguwar Al Muntazah, can ƙasar Larabawa, ƙofarmu na kallon ta Anti Luz, wata nas 'yar Filifin. Kowace Kirsimeti takan gina siffofin haihuwar Annabi Isa da yumɓu, har da kogo da makiyaya, ta kai cocinsu. Wata la'asar ta sa ni gina tumakin makiyayan. Sau biyar tana murƙushe mini su, wai kunnuwan na jaki ne. Sai a karo na shida ta ce, “Khalas, sun yi.” Ƙanshin ɗanyen yumɓun nan har yau yana hancina.

Umma ta shigo kirana, ta tsaya tana kallon tiren da tumakin ke kai.

“Ke! Abu mai rai? Ranar kiyama in aka ce ki busa musu rai, da me za ki busa?”

Ta sa yatsu biyu ta tsinke kawunan ɗaya bayan ɗaya, ta goge hannu da mayafi. “To, yanzu babu laifi.”

Anti Luz ta kwashi tumakin, haka nan ba kawuna. Ta jera su a bakin kogon, suka zama duwatsu.

Hoton na nan a wayata. Duk wanda na nuna wa, sai ya yaba duwatsun. Jama'a, ina kuka taɓa ganin dutse da ƙafa huɗu?